In hana ƙanwata karanta littattafan soyayya?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki ba ta ajiye littattafan soyayya, kina tsoron su ɓata mata tarbiyya. Ni dai ban ga dalilin hana ta ba. Ki karɓi ɗaya ki karanta tukuna.

Matan da suka buɗe wannan hanya ba wasa suka zo yi ba. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, lokacin da ba a saba ganin sunan mace a bangon littafin Hausa ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a kan magidancin da ya kori matarsa da 'ya'yanta saboda amarya. Auren dole, kishi, saki, karatun 'ya mace, duk abin da ake rufewa a tsakar gida su suka fito da shi fili. Mata da yawa ma ta nan karatun bokonsu ya zauna.

Tabbas akwai na batsa, musamman waɗanda ke yawo a WhatsApp babu mai tacewa. Waɗannan kam ki raba ta da su, ki nemo mata na kirki, ku riƙa hirar labarin tare bayan isha'i.