Bishiyar tana cikin gidanki, amma sare ta sai da izinin hukuma

Wata mai karatu da ke zaune a Ingila ta rubuto cewa ta sayi gida shekara uku da suka wuce, akwai wata ƙatuwar bishiya kusa da bangon baya, kuma bangon ya fara tsagewa. Wani mai sare itatuwa ya ce zai kawar mata da ita cikin yini ɗaya, sai maƙwabcinta ya gaya mata cewa bishiyar tana ƙarƙashin kariyar ƙaramar hukuma. Tana tambaya ko tana da ikon sare ta, tunda filin nata ne.

Hajiya, ki dakatar da mai saran nan tukuna. Mallakar fili ba ta ba ki damar taɓa bishiyar da hukuma ta sanya wa umarnin kariya, wanda a can ake taƙaita sunansa da TPO. Ikon sanya wannan umarni ya samo asali ne daga Dokar Tsara Birane da Karkara ta 1990, sannan ƙa'idojin da aka fitar a 2012 suka fayyace yadda ake aiki da shi a Ingila. Umarnin ya haramta sare bishiyar, da tumɓuke ta, da datse kanta ko rassanta, da lalata ta da gangan, sai da rubutaccen izini. Yanke saiwoyi ma yana buƙatar izini, kuma na ambaci wannan ne saboda mai fama da tsagewar bango yakan ɗauka cewa idan ya haƙa rami ya datse saiwar da ta nufo gini, bai taɓa bishiya ba.

Ki fara da tabbatar da maganar maƙwabcin. Ki rubuta wa jami'in kula da bishiyoyi na ƙaramar hukumarku, ki nemi kofin umarnin da taswirarsa, sannan ki duba takardun binciken da lauyanki ya yi lokacin sayen gidan, domin ana yin rajistar irin wannan umarni a kan filin. Ki tambaya kuma ko unguwarku tana cikin yankunan da aka keɓe don adana tarihi da fasalin gine-gine. A irin waɗannan yankuna, ko bishiya ba ta da umarnin kariya, muddin faɗin gangar jikinta ya wuce milimita 75 idan aka auna a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, dole ne a ba hukuma sanarwar mako shida kafin a taɓa ta. Idan makonni shidan suka cika hukuma ba ta sanya umarni ba, ana iya yin aikin. Ga bishiyar da ke da umarnin kariya kuwa, shirun hukuma ba ya zama izini, ko da wata nawa ya ɗauka, kuma mutane da yawa sun shiga matsala saboda sun cakuɗa waɗannan hanyoyi biyu.

Idan ta tabbata akwai umarnin, hanyarki ita ce neman izini a kan fom ɗin da aka tanada, kuma ba a biyan kuɗi a kansa. Abin da zai sa ki yi nasara ko ki faɗi shi ne hujjar da kika haɗa da shi. Jami'in hukuma ya saba jin ƙorafin zubar ganye da tare hasken rana, kuma da wuya waɗannan su sa ya yarda a sare bishiya mai lafiya. Da'awar cewa saiwoyi na lalata gini ta fi ƙarfi, amma hoton tsaga kaɗai ba ya tabbatar da ita, domin bango na iya tsagewa saboda raunin tushe ko fashewar bututun ruwa. A ƙasa mai yumɓu, saiwoyi kan zuƙe damshi a lokacin zafi, ƙasar ta tsuke, ginin ya ɗan sauka, sannan ya ɗago idan ruwa ya dawo. Wannan hawa da sauka ne ake so a nuna, ta hanyar rahoton injiniyan gini, da gwajin ƙasa, da gano ko saiwar da aka tono ta wannan bishiyar ce, da awon motsin ginin na tsawon watanni. Ki sanar da kamfanin inshorar gidanki tun yanzu, domin sau da yawa shi ne ke ɗaukar nauyin wannan bincike. Ki kuma nemi masanin bishiyoyi ya duba ko rage rassa zai wadatar, saboda hukuma ta fi saurin amincewa da buƙatar da ta nuna an yi tunanin wata mafita kafin a kai ga sarewa.

Hukuma tana da mako takwas ta yanke shawara. Idan ta ba da izini, yana aiki na shekara biyu, kuma tana iya gindaya sharuɗɗa. Idan ta ƙi, kina da kwana 28 ki ɗaukaka ƙara zuwa ga sakataren gwamnati, wato ministan da ke kula da wannan fanni, ta hannun hukumar sufetocin tsare-tsare. Akwai kuma damar neman diyya cikin wata 12 idan ƙin ba da izinin ya jawo miki asarar da ta kai fam 500 ko fiye, amma sai asarar ta kasance wadda ake iya hangowa a lokacin da aka yanke shawarar. Wannan wani dalili ne na sa dukkan hujjojinki cikin takardar neman izini tun farko, domin hukumar da ba a nuna mata haɗari ba za ta ce ba ta da hanyar hango shi.

Wataƙila mai saran ya ce miki a ce kawai bishiyar ta mutu ko tana da haɗari. Dokar ta yi rangwame a nan, amma ƙofar ƙunci gare ta. Matacciyar bishiya ana iya sare ta bayan an ba hukuma rubutacciyar sanarwar kwana biyar na aiki. Wadda ke barazanar yin mummunar illa nan take ana iya yi mata aikin da ya zama dole don kawar da haɗarin kawai, a sanar da hukuma da zarar an samu dama. Bishiyar da ke kan hanyar mutuwa ba ta cikin rangwamen tun 2012, kuma idan aka je kotu, ke ce za ki tabbatar da cewa rangwamen ya shafe ki. Tsagewar bango da ke ƙaruwa sannu a hankali, a ganina, ba ta kai haɗarin gaggawa ba.

Sare bishiya mai kariya ba tare da izini ba laifi ne da tararsa ba ta da iyaka, kuma kotu tana la'akari da ribar da mai gida ya samu, kamar tashin darajar gidan. Ƙananan laifuka, irin su datse reshe, tararsu na iya kaiwa fam 2,500. Ana iya gurfanar da wanda ya yi saran da wanda ya sa shi, kuma rashin sanin cewa akwai umarnin ba kariya ba ce.

Sai batun dasa wata, wanda mutane kan manta da shi. Idan an sare bishiya ba bisa ƙa'ida ba, ko saboda ta mutu, ko saboda haɗarin gaggawa, sashe na 206 na dokar 1990 ɗin ya ɗora wa mai filin nauyin dasa wata mai girma da nau'in da ya dace a wuri ɗaya, sai dai idan hukuma ta yafe, kuma sabuwar tana gadon kariyar tsohuwar. Nauyin yana bin filin, don haka wanda ya sayi gidan daga hannunki zai gaje shi. Hukuma tana da shekara huɗu ta aiko da takardar tilastawa, idan aka yi biris ta shiga ta dasa, ta karɓi kuɗinta. Idan kuwa da izini kika sare, wajibcin dasawa zai zo ne a matsayin sharaɗi, kuma a nan kina da bakin magana. Ki gabatar da shawararki a cikin fom ɗin: nau'in bishiyar da ba ta shan ruwa da yawa, girmanta, da wurin da ya yi nesa da tushen gini, tare da goyon bayan rahoton injiniyan. Idan izinin ya fito, ki sa a duba ko tsuntsaye sun yi sheƙa kafin a fara aiki, domin dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita, kuma izinin sare bishiya bai ɗauke wannan haramcin ba.