Giyar rake da zamanmu a Tirinidad: amsa ga Mansur

Mansur ɗana, saƙonka ya iso tare da hotunan kofunan nan masu sassaƙen fuska, an cika su da ƙanƙara an soka musu 'yar lema da yankan abarba. Ka ce mahaifinka ya gani ya yi salati, wai ashe cikin abin da Baffanku yake zaune ke nan. Ka kwantar masa da hankali, amma kada ka ce masa babu giya a nan tsibirin Tirinidad na yankin Karibiyan, don akwai ta har ta yi yawa. Kamanninta ne ba haka ba.

Abin da ka turo ana ce masa tiki, kuma Amurkawa ne suka ƙago shi. Bayan Amurka ta janye haramcin sayar da barasa a 1933, wani Ernest Gantt, wanda aka fi sani da Donn Beach, ya buɗe mashaya a Holiwud. Giyar rake, wato ram, tana da araha a lokacin, sai ya ɗauko haɗin da mutanen Jamaika suka daɗe suna yi da lemon tsami da sukari da kayan ƙamshi, ya ƙawata ɗakin da gumaka da ganyen kwakwa irin na tsibiran tekun Fasifik, waɗanda ba su haɗa komai da mu ba. Victor Bergeron, mai mashayar Trader Vic's a Kaliforniya, ya bi sawu, shi ne ya ce ya haɗa abin shan da ake kira Mai Tai a 1944 da giyar Jamaika ta kamfanin Wray & Nephew wadda ta shekara 17 a ganga. A nan sai a otal ɗin 'yan yawon buɗe ido za ka ga irin wannan kofi. Ɗan ƙasa mashayi shagon unguwa yake zuwa, a ajiye kwalbar giyar rake mai suna puncheon a tebur, wadda kashi 75 cikin ɗari nata barasa ce zalla, da ruwan sanyi na korawa, a yi ta buga karta har dare.

Asalinta kuwa ba abin lema da abarba ba ne. In ka taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila, ka san yadda ruwan rake yake yin kauri ya yi duhu. To baƙin ruwan da yake saura bayan an cire sukari, shi aka gano a Barbados wajen shekarun 1640 cewa in ya ruɓa aka tace shi a wuta yana zama barasa. Bayi daga Afirka ta Yamma su ne masu saran raken, kuma ana loda wannan giya a jirgi a kai ta gaɓar Afirka a sayo wasu mutanen da ita. Da aka 'yanta bayi, Turawan Ingila suka shiga kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya, daga 1845 zuwa 1917, kuma jikokinsu su ne mafi yawan Musulmin ƙasar nan yau, kimanin kashi 5 cikin ɗari na jama'a. A masallatansu muke sallah, a wurinsu muka koyi zaman. Kamfanin sukari na gwamnati, Caroni, an rufe shi tun 2003, amma giyar ba ta tafi tare da shi ba.

Mu 'yan tsirarun Hausawa da ke nan, kwalba ba ta damunmu, tunda ana ganinta. Wadda ta ɓuya cikin abinci ita ce aiki. Lokacin Kirsimeti kowane gida yana yin wani baƙin kek, ana jiƙa busassun 'ya'yan itace a giya wata da watanni, in ya fito daga tanda da zafinsa a sake tsiyaya masa wata. Maƙwabciya za ta aiko maka da shi cikin faranti an rufe da tsumma mai kyau, da zuciya ɗaya. Mayarwa cin fuska ne, ci kuma ba zai yiwu ba. Abin da muke yi, tun watan Nuwamba uwargida take zagaya maƙwabta ta faɗa musu cikin raha, kuma da yawa sukan ware mana kwano guda da aka jiƙa da ruwan inabi marar barasa. Mu kuma ranar ƙaramar Sallah, wadda hutu ce a duk ƙasar, muna aika musu da sawine, siririyar taliya da ake dafawa a madara da zabibi.

Zoɓo ma yana nan, shi ne abin shan Kirsimeti, da kanumfari da citta kamar na gida, sai dai wasu suna ɗiga masa giya. Dole ka tambaya kafin ka kai baki, kuma mun koya wa yara tambayar tun suna firamare.

Gidan makoki muna zuwa, ba ma fashi. Ana kwana ana waƙoƙin coci, ana karta, kwalba tana zagayawa, wani ya fara tsiyaya kaɗan a ƙasa domin magabata. Mu mukan karɓi gahawa da biskit, mu yi ta'aziyya, mu zauna gwargwado mu tashi. Ba wanda yake tsangwamarka, sun saba da Musulmi shekara fiye da ɗari.

Inda mu kanmu muke saɓani shi ne a kan 'yar kwalbar Angostura mai ɗaci. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa ta a 1824 a Benezuwela a matsayin maganin ciki, iyalinsa suka dawo da kamfanin nan a 1875, kuma kashi 44.7 cikin ɗari nata barasa ce. Ana ɗiga ta a miya, a nama, a lemo, har a askirim. Wasu suna cewa ɗigo biyu a tukunya ya ɓace, wasu sun ce abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ni ina tare da na biyun, ba ta shiga gidana, amma ban taɓa ƙin cin abincin ɗan'uwa Musulmi a kan wannan ba.

Maganar da ka yi ta neman aikin otal a nan, ka bari sai mun yi waya da mahaifinka, domin galibin guraben da ake ba sabon zuwa na ɗaukar tire ne, kuma ka san abin da ake ɗorawa a kai. A gaida Hajiya da ƙannenka.