Tambayi Kawu: Wai Abuja ba ta da lungu da saƙo ne?

TAMBAYA: Salam Kawu, ya aiki ya iyali. Ni ɗan Gusau ne, an turo ni bautar ƙasa Abuja wata na huɗu kenan, ina raɓe a boyis kwata wajen yayana a Wuse 2. Wlh Kawu garin nan ya ishe ni, ba majalisa ba teburin mai shayi ba mai ce maka sannu, kowa ya garƙame get ɗinsa sai karnuka da masu gadi. Ran Lahadi in na fita sai dai in zaga mol in dawo ban sayi ko tsinke ba don alawi ɗin ba ya kai ko'ina. Wai don Allah garin nan ba shi da lungu irin namu ne inda mutum zai zauna ya sha iska ya ji kamar a gida yake? Daga ɗanka mai yi wa ƙasa hidima, Wuse 2.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Sai da na yi dariya da na karanta saƙonka, don ni ma farkon zuwana abin da na riƙa faɗa kenan, har rantsuwa na yi ba zan shekara ba, ga shi furfura a nan ta same ni. Matsalarka ɗaya ce, ta tagar mota kake kallon Abuja. Sauko ka taka da ƙafa.

Ka san dai Janar Murtala ne ya sa hannu a dokar kafa garin a 1976, Babangida kuma ya taso da gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. To ba dajin Allah aka tarar ba, akwai mutane da gonakinsu da kaburburan kakanninsu, Gbagyi ne mafi yawa, waɗanda mu muke ce wa Gwari (ka riƙa cewa Gbagyi, sun fi son haka), ga Gwandara da Gade da Koro da Bassa. Niyyar farko a kwashe kowa a mayar wani wuri, sai aka ga kuɗin diyya ya fi ƙarfin aljihu, aka kwashe wasu aka bar wasu. Ita kanta Wusen da kake kwana a ciki, mutanenta na asali suna can Sabon Wuse a jihar Neja kan hanyar Kaduna, na Maitama kuma aka kai su Kubwa. Waɗanda aka bari sai birni ya zo ya zagaye su, shi ya sa zaka ga bene mai hawa shida da gilashi yana walƙiya, ka bi ta bayan katangarsa taku kaɗan sai ga ka cikin gidajen ƙasa da akuyoyi da mata suna shanya.

Fara da ƙauyen Garki tunda ba shi da nisa da kai. Ka shiga Garki 2 wajen kasuwa ka tambayi kowane ɗan keke ina ne fadar Sa'peyi, sarautar Gbagyin Garki kenan. Ka bari sai bayan la'asar. Lungunan matsattsu ne, kwata tana gudu a tsakiya, tela yana taka keke a bakin ƙofa, mai wanki da guga, mai gyaran waya, ana magariba masu shayi su kunna wuta a jera benci, kuma Hausa zaka ji ta ko'ina, Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram duk a benci ɗaya ana musun ƙwallo da siyasa. In ka je sau uku a jere wlh an san sunanka, na huɗu har bashin shayi za a ba ka. Daga nan Area 1 ba nisa, in alawi ya shigo ka leƙa wajen masu kilishi ka ɗanɗana kafin ka saya, ba sa hana ɗanɗano.

Sauran kuma ko sunayensu kaɗai ka ji ka san da namu a ciki: Durumi a bayan Area 1, Jabi Ɗaki Biyu, Gishiri da ke fuskantar Maitama, Dutsen Alhaji, Tudun Wada ta Lugbe. Akwai ƙauyen Mabushi ma. Duk kusan fasalinsu ɗaya, masu ƙasa a tsakiya, baƙi 'yan haya sun cika gefe.

Amma ni in ka ce in zaɓa maka guda, Mpape zan ce. Tana kan dutse daidai saman Maitama, titi ɗaya ne ya raba su, ka hau mota tana nishi tana hawa ga tifofi suna saukowa da tsakuwa ƙura ta turnuƙe, don wurin fasa dutse ne, da yawan tsakuwar da aka zuba a gine-ginen garin nan daga can ta fito. Direban da ke jan mai gida a Maitama da kukun da ke dafa masa abinci da mai gadin da ya ƙi amsa maka sallama a get, yawancinsu can suke kwana, kuma in ka same shi a can wani mutum ne daban, shi zai fara miƙo maka hannu. Akwai wani tsohon ramin fasa dutse da aka daina aiki ruwa ya cika shi ya zama tafki tsakanin duwatsu, ana ce masa Crushed Rock, shekara da shekaru yana nan ba wanda ya kula sai a 2020 lokacin korona samari suka fara ɗora hotonsa a Instagram, shikenan 'yan gayu suka yi ca. Ka je ka kalla, amma don Allah kar ka ce zaka gwada iyo, ramin yana da zurfi ba irin gulbin garinku ba ne da ka san inda ƙafa ke taɓa ƙasa. A 2018 ma an ji motsin ƙasa a Mpape har mutane suka fito da gudu. Abin da nake so a wurin shi ne yamma, ka samu tudu ka tsaya, fitilun Maitama a ƙasan ƙafarka kai kuma a unguwar da ba lallai akwai wuta ba ranar.

In kana da yini guda, Ushafa ta hanyar Bwari kusa da dam ɗin Usuma da ke ba garin ruwan sha. Garin masu ginin tukwane ne, Bill Clinton ya je can a watan Agusta na 2000 lokacin yana shugaban Amurka. A hanya zaka ga matan Gbagyi da kaya a kafaɗa ba a ka ba, kar ka tsaya kana nuna su da yatsa, al'adarsu ce. Ka ciro naira 20 ka juya bayanta, matar da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce, 'yar Kwali, ta yi aikinta ne a tsohuwar Abuja wadda yanzu ita ce Suleja. E, Suleja ce Abujan asali, garin Abu Ja na gidan sarautar Zazzau, da aka ɗauki sunan aka ba babban birni sai ita ta koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Amma ɓangaren Bwari ka je da safe ka dawo da rana tsaka, kar dare ya yi maka, ka san halin da ake ciki.

Ka kiyaye abu biyu. Mota ka shiga a tasha ko wadda ka kira ta waya, 'yan wan cans masu yi wa fasinja fashi a motar haya ba wasa suke ba, musamman in ka ga an matsa maka ka shigo akwai wuri ɗaya. Acaba an hana shi a tsakiyar gari tun zamanin El-Rufa'i yana ministan Abuja amma a cikin ƙauyukan zaka samu. Sannan gidajen mutane ne ba gidan zu ba, ka yi sallama ka gaida dattijai, kar ka ɗaga waya kana ɗaukar bidiyon matan mutane, dama mutanen a tsorace suke da duk baƙon da ya zo yana ɗaukar hoto don sun sha ganin daga hoto sai jan fenti a bango daga nan sai katafila. In ka ci karo da wajen masu burkutu kuma ka wuce abinka ba wa'azi aka aike ka ba.

TAMBAYA: Kawu barka da warhaka. Mijina aka yi wa canjin aiki zuwa Abuja, kuɗin haya a cikin gari ya gagare mu, sai wani ya ce mu sayi ɗan fili wajen mai unguwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan mu gina ɗaki biyu. Ya ka gani? Daga Maman Hanifa, Kaduna.

AMSA: Maman Hanifa ki ce wa mai gidan ya riƙe kuɗinsa. A Abuja ministan birnin ne kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar mai unguwa ba ta tsayar da rusau, na ga mutane da idona suna tsintar kwanon rufi da yamma a gidan da suka kwana ciki jiya. Ku kama haya, shekara ɗaya kar ku biya biyu, ku zo da damina ku ga yadda hanya da kwata suke kafin ku ba da ko sisi, ku tambayi maƙwabta ruwa na famfo ne ko sai mai ruwa ya turo kura. Cefane kuma kar ki yarda da manyan kantuna, Gosa kan hanyar filin jirgi tana ci ran Juma'a, kayan marmari ki nufi Zuba, rago in Sallah ta matso sai karar Dei-Dei, can da Hausa ake ciniki ba mai yi miki farashin 'yan Maitama.