Fita da yaro ɗan shekara biyu a zafin bazara

'Yar uwa kin ce ɗanki shekararsa biyu, zaman gida ya ishe shi sai rigima, ina za ki kai shi a Kano da zafin nan. Wallahi na san wannan halin, nawa ma haka ya yi min bara.

Ni dai gidan zoo muke zuwa, na Audu Bako da ke Zoo Road, amma sai bayan la'asar, don a watan Afrilu zafi na kaiwa digiri 40 da rana tsaka, yaro ba zai iya ba. Akwai inuwar bishiyoyi, nawa in ya tsaya gaban birai sai an ɗauke shi cak yana kuka yana miƙa musu hannu, jimina kuwa tsoronta yake ji ya ɓuya a bayan zanina.

Ki sa masa riga mara nauyi ta auduga saboda ƙurajen zafi, ki cika gora da ruwa ki riƙa ba shi ko bai nema ba, mu har mangwaro nake yankawa a roba. Don Allah kuma ki duba katin rigakafinsa kafin ku shiga cunkoso, lokacin sanƙarau da ƙyanda ne yanzu. In jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi cin abinci ku fasa fitar, asibiti kawai.