Kada ka ce wa likitan inshora «da sauƙi»

Ƙanena,

Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har sau biyu. Ka ce ka gama a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ka samu gurbin karatu a nan Faransa, saura maganar biza da ta zama jan aiki tun da aka rufe ofishin jakadancinsu na Yamai a farkon 2024. Allah ya sa a dace. Daga ƙarshe kuma ka sa dariya, ka ce a fadarku ta unguwar Zariya ana cewa yayanka ya rabu da talauci tun ranar da mota ta buge shi, wai a Turai hatsari arziki ne. Ka tambaya ko gaskiya ne, kuma ko ƙugun yana nan yana damuna.

Yana nan. A tsaye nake rubuta maka wannan, kwamfuta a bisa firji, don zaman da ya wuce rabin awa sai na biya shi da barcin dare.

A kan keke nake, da yamma, ana yayyafi, wata mata ta shigo shataletale ta kwashe ni ta gefe. Na miƙe da sauri ina karkaɗe wando, kunya ta fi ciwo yawa. Matar tana ta rawar jiki, ni kuma ina ba ta haƙuri, ina cewa ba komai. Ka san tarbiyyarmu. Da a hanyar Dan Issa ne, da an taru, a ce ƙaddara ce, mai mota ya sayi magani, manya su ce a yafe, a watse. Wani mai wucewa ne ya kira 18, 'yan kwana-kwana suka kai ni asibiti, 'yan sanda suka ɗauki bayani. Likita ya tambayi inda ke mini ciwo, na nuna masa gwiwar hannu da ta daye da kafaɗa. Ƙugu yana ɗan sukata, na ce wannan ai ba abin faɗa ba ne ga namiji. Bayan kwana uku ruku'u ya gagare ni.

Takardar da likita ya rubuta a daren nan ita ce tushen komai, kuma babu ƙugu a cikinta. Fiye da shekara muka yi da kamfanin inshorar matar, suna cewa ina shaidar cewa motarsu ce ta jawo shi. Don haka duk inda ka ji ko da tsami ne, faɗe shi a rubuta. In wani ciwo ya ɓullo washegari, koma a ƙara takarda.

Dokar kanta tana bayan wanda aka buge. Ana kiranta dokar Badinter, ta 5 ga Yuli 1985, sunan ministan shari'ar lokacin. Mai tafiya a ƙasa, mai keke da fasinja, inshorar motar ce ke biyansu diyyar raunin jiki ko da su ma sun yi sakaci, sai fa in laifin nasu ya wuce misali kuma shi kaɗai ya haddasa hatsarin. Direba kuwa ana duba laifinsa, a rage masa ko a hana shi. Ka lura da ɗan abin hawan nan mai batir da matasa ke tsayawa a kai, tirotinet: doka ta lissafa shi cikin masu inji, dole ka yi masa inshora, kuma in kana kansa direba ne kai. In mai motar ya gudu ko ba shi da inshora, akwai asusun FGAO da ke tsaya maka.

Kamfani yana da wata 8 daga ranar hatsari ya kawo maka tayi. In jiki bai tsaya ba tukuna, ɗan somin-taɓi za su ba ka, sai likita ya ce rauni ya kai inda zai tsaya, abin da suke kira konsolidasiyo, sannan su kawo tayin ƙarshe cikin wata 5 da sanar da su. Kalmar nan ta yaudare ni, na ɗauka warkewa ake nufi. Ashe cewa ake yi abin da ya rage naka ne, ka zauna da shi. In ka sa hannu a tayinsu kana da kwana 15 ka janye, kuma kana da shekara 10 daga ranar konsolidasiyo ka kai ƙara, saboda haka kada wayar da suke yawan bugowa ta sa ka gaggawa.

Inda na fi yin asara shi ne ranar da likitansu ya duba ni. Ni kaɗai na je. Ya miƙo hannu ya ce yaya jiki, bakina ya riga ni, na ce da sauƙi. Me ɗan Maradi zai ce? Ko wanda ke kan gargara haka yake amsawa. Mutumin ya rubuta. Su wahalar da ka sha awo suke mata daga 1 zuwa 7, kowane mataki da kuɗinsa, kuma ba wanda zai ƙara maka don ka nuna dauriya. Ban gaya masa cewa ba na iya sa safa sai na kwanta ba, ban gaya masa na bar aikin ɗaukar kaya ba. Zama na biyu na tafi da likitan da ni na zaɓa, wanda ba ya aiki da kamfanonin inshora, da lauya, da ɗan littafin da nake rubuta kowane dare da ciwo ya tashe ni. Tayin ya sauya sosai. Lambar 116 006 ta masu taimakon waɗanda abu ya shafa ce, kyauta, su suka fara nuna mini hanya.

Tunda ka ambaci kai abinci a keke: ɗalibi yana da izinin aikin albashi na awa 964 a shekara, amma takardarsa ba ta ba shi damar buɗe sana'ar kansa, kai abinci kuwa a matsayin sana'ar kanka ake ɗaukarsa, shi ya sa yara ke hayar asusun wani a manhajar kamfanin kai abinci su yi aikin. Ranar da mota ta buge ka za a biya raunin, amma kuɗin shigar da ka rasa da wace takardar albashi za ka nuna shi?

Shi ciwon kuwa, da ya wuce wata 3 suna sa shi cikin mai daɗewa. An ɗauki hoton ƙashina, babu karaya, har na fara zargin kaina. Daga gida aka ce in dawo a kai ni wurin mai ɗori, Inna ta aiko da man shanu da wani gari a ƙulle. Me za a ɗora a inda ba a karye ba? A sashen masu fama da ciwo, bayan na yi watanni ina jiran layi, wata likita ta bayyana mini cewa jijiyoyi kan ci gaba da kai ƙara ko bayan nama ya warke, kamar karen da aka taɓa yi wa sata, ko ganye ya motsa sai ya yi haushi.

An ba ni tiramol. Kai ka ga abin da ya yi wa 'yan kabu-kabu a garinmu, ba sai na faɗa ba. A nan ba a rubuta shi fiye da na sati 12, kuma tun Maris 2025 sai da takardar likita ta musamman. Duk da haka barinsa ya ba ni wuya, gumi da rashin barci, sai a hankali likita ya riƙa rage mini. Abin da ya riƙe ni shi ne gashin ƙashi, da tafiya a ƙasa kullum ko ana sanyi, da iyo, ni da ban taɓa shiga ko tafkin Madarunfa ba. Na kuma koyi raba aiki, don ranar da na ji daɗi na yi wanki da shara da cefane gaba ɗaya, kwana biyu nake yi a kwance. Da aka ce in ga likitan ƙwaƙwalwa na ce ni ba mahaukaci ba ne, sai da na lura wata shida ina zagaye shataletalen nan ta wata unguwa, sannan na je.

Diyyar ta zo, ba zan ɓoye maka ba. In ka buga ta da sefa 656 kowane yuro, 'yan fada za su tafa. Lauya ya cire nasa, na biya bashin haya na watannin da ban yi aiki ba, na sayi katifa mai tauri, na gyara wa Inna rufin ɗaki kafin damina. Yanzu a masallacin Juma'a layin tsofaffi nake, a kan kujera, yaro kan matso ya tambaye ni ko azumi nake.

Kana sauka ka yi rajistar inshorar lafiya ta ɗalibai, kyauta ce, kada ka jira sai ka kwanta. Ka sayi hular kwano da fitilar keke kafin ka sayi sabuwar waya. In an samu bizar ka taho mini da kilishi da ƙuli-ƙuli. Ka gaida Inna, kada ka yi mata maganar kujera. In ta tambayi jikina ka ce mata da sauƙi.

Yayanka.