Gawar da aka kawo cikin akwati, da shi za a binne ta?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Yayana ya rasu a Ingila, an ce gawar za ta iso mana Yauri cikin akwati a rufe. Wasu dangi sun ce a sa shi kabari haka nan, wasu sun ce haramun ne. Wanne za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri.

Ba haramun ba ne ɗan'uwa, makaruhi ne in babu larura, kuma don Allah kar wannan ya jawo rigima ana cikin zaman makoki. Akwatin nan dokar jirgi ce kawai, ba sa ɗaukar gawa sai an rufe ta ruf, to da ya sauka aikinsa ya ƙare.

In gawar lafiya lau take ku fito da ita. Ku fara tambaya ko an yi masa wanka da sutura a can, don masallatai da yawa a Ingila suna yi, in an yi ba sai an maimaita ba, a ɗora a makara a sallace shi. A Malikiyya da muke bi, littafin Muhtasar na Shehu Halil ya jero abin da ake rufe lahadu da shi, wato ƙaramin ramin da ke cikin kabari, tubalin laka ne farko, sai katako, har ya gangaro kan kara, sannan ya ce a zuba ƙasa kai tsaye ma ya fi akwati. Kusan abin da muke yi kenan, a kwantar da mamaci cikin ƙaramin ramin nan ta gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A akwati kuwa galibi a rigingine yake, abin da ya fi damuna kenan.

Amma fa in gawar ta fara lalacewa, ko likita ya hana buɗewa saboda cuta mai yaɗuwa, ko kabarin na tsattsafo da ruwa kamar yadda ake gani da damina a garuruwan bakin kogi irin naku, to ku binne shi da akwatin ba komai, sallah ma a kansa za a yi kuma ta inganta. Sai dai ku gaya wa masu haƙa kabari tun da wuri su faɗaɗa ramin, don wanda suka saba haƙawa akwati ba zai shiga ba.