Fatar idon ƙanwata na saukowa da yamma: mene ne "myasthenia gravis"?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanwata tela ce, shekarunta 27. Wata biyar ke nan, da safe takan tashi garau, amma kafin la'asar fatar idonta na dama ta sauko, abu ɗaya ta riƙa ganinsa biyu, ko zare ta kasa zurawa a allura. Kwanan nan in tana tauna nama sai muƙamuƙinta ya gaji, muryarta ta koma ta hanci. A gida wasu na cewa shanyewar ɓarin jiki ne, wasu na cewa jifa aka yi mata. Likitan da muka gani ya rubuta "myasthenia gravis" a katinta. Wane irin ciwo ne wannan, kuma ana warkewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya. Yadda kika ce da safe garau, da yamma jiki ya saki, shi ne babban tambarin wannan ciwo, wanda za mu kira mayasteniya a taƙaice. Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya yake zuwa, kuma ba ya tafiya don mutum ya kwanta ya huta. Mayasteniya kuwa ƙarfi ne ke ƙarewa in an yi ta aiki da tsoka, ya dawo in an huta, hankali kuma yana nan kalau.

Duk lokacin da za ki ɗaga fatar ido ko ki tauna abinci, jijiya ce ke kai saƙo. A inda ta haɗu da tsoka takan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, shi kuma ya sauka a kan wasu 'yan matattarai da ke jikin tsokar. A mai mayasteniya, garkuwar jiki ce ke kuskure ta juyo kan waɗannan matattarai, ta toshe wasu ta lalata wasu. 'Yan da suka rage sukan iya ɗaukar aikin safiya, amma in aka yi ta kira sai saƙon ya daina isa. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba lalaci ba ne, ko da yake masu shi na shan wannan gori. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza da suka haura 60.

A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: a ɗora ƙanƙara a kan idon da ya sauko na minti biyu, in fatar ta ɗago to alama ta ƙara ƙarfi. Sai gwajin jini da ke neman sinadaran garkuwar, da gwajin jijiya da na'ura. Lallai kuma a ɗauki hoton ƙirji na siti-sikan, domin akwai wata kaluluwa a bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos da ke da hannu a ciwon, kuma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu shi ana samun ƙari a cikinta. Ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa na Kano da Shika.

Ciwo ne mai daɗewa, ba na ce miki akwai allurar da za ta tumɓuke shi ba. Amma da magani yawancin masu shi suna komawa sana'arsu, wasu ma alamun su kwanta tsawon shekaru. Tun 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta nuna cewa maganin da ke hana asetilkolin saurin rushewa yana dawo da ƙarfi. Jikan wannan magani shi ne pyridostigmine, wanda aka fi sani da Mestinon. Yakan fara aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ya ɗauki awa uku zuwa huɗu, shi ya sa ake so ta sha kafin cin abinci don tauna da haɗiya su yi sauƙi. In ya yi yawa yakan kawo murɗawar ciki, gudawa da yawan miyau. Sai dai shi alamu kawai yake kwantarwa. Masu lallashin garkuwar jikin su ne prednisolone da irin su azathioprine, wanda yakan ɗauki watanni kafin a ga amfaninsa. Prednisolone ba a fara shi da ka, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. In an ga ƙari a taimos, tiyata ce, kuma wani babban bincike da aka fitar a 2016 ya nuna cire kaluluwar na taimaka wa wasu ko da babu ƙari.

Inda na fi jin tsoro shi ne kemis. Akwai magungunan da muke sha kamar gyaɗa waɗanda ke iya kwantar da mai mayasteniya: ciprofloxacin da ake bayarwa da sunan taifot, allurar gentamicin, azithromycin, sai kwinin da kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro. Ta rubuta sunan ciwon a takarda ta sa a jakarta, duk wanda zai ba ta magani ko zai yi mata tiyata ta nuna masa. In ta samu juna biyu, ungozoma da likita su sani tun awon farko, domin magnesium sulfate da ake yi wa masu jijjiga yana da haɗari sosai a gare ta. Zazzaɓi, rashin barci da zafin rana su ma suna tayar da ciwon. Ɗinki mai cin ido ta mayar da shi safiya, nama kuma a dafa shi ya yi laushi. Batun azumi ta zauna da likitanta tun kafin watan ya kama.

Muryar hancin da kika ambata ta nuna ciwon ya taɓa tsokokin maƙogwaro, don haka kada ku yi jinkirin komawa asibiti. In kuka ga tana ƙwarewa da ruwa, ko ruwan na fitowa ta hanci, ko wuyanta ya kasa riƙe kai, ko numfashi na yi mata wuya musamman in ta kwanta rigingine, ku kai ta sashen gaggawa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. A can ana iya taimaka mata da na'urar numfashi, a yi mata ƙarin ruwan wani magani mai suna imunogulobulin ko a tace ruwan jininta har ƙarfin ya dawo.